Ranar da Kawu Ya Juya wa Fili Baya

Duk faɗin kudancin Kaduna, daga bakin gada har ƙarshen Kamazou inda kwalta take sallama, babu mahaluƙin da ya san Kawu kamar ni. Na san tarinsa, na san takunsa, in ya ɗaga gira yau na san abin da zai faɗa jibi. Haka na gaya wa mutanen da suka cika ƙofar gidansa a Unguwar Boro ranar da ya rasu, ina tsaye a bayan motar da ta kawo kujeruna da kanofi, don sana'ata ke nan, ba da hayar kujeru da riƙe makirfo a wurin biki. Na ce musu Kawu bai taɓa ɓoye mini komai ba.

Wata tsohuwa daga cikin zumuntar matan coci ta ɗago kai ta ce, "To ɗana, tunda haka ne, me ya kashe shi?"

Na ce hawan jini.

Ta ce, "Ƙoda ce. Tun bara muke zuwa yi masa addu'a."

Na sauko na ci gaba da jera kujeru.

Na je makoki da yawa, don kujeruna sun fi ni zuwa, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. A tsakar gida mata suna waƙa suna buga tulu, mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa, tana kuka tana cewa shi ya kamata ya binne ta. Wannan duk daidai ne. A waje ne abin yake. Maza sun zauna ƙarƙashin kanofi, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa da ƙarfi, sannan ya rage murya. Sai ka ga mutum ya ɗaga kai ya kalli kwanon rufin gidan, kwanon da ya yi tsatsa tun tuni, ya dawo da ido ya kalli na kusa da shi. Na ji wani dattijo yana tambayar wani, "Kana filin ran nan?"

"Ina nan."

"To."

"To fa."

Kowa ya ɗauki ruwan leda ya huda.

Washegari da safe matar Kawu, wadda muke kira Mama, ta aika a kira ni ɗaki. Tana zaune a kan tabarma, idonta a bushe. Ta ce, "Ka lura da waɗanda ba su zo ba?"

Na lura. Tsofaffin 'yan wasa suna da al'adarsu a garin nan. In ɗayansu ya mutu, su ke ɗaukarsa. Sukan shimfiɗa rigar kulob a kan makara ko akwati, su sa kafaɗa. In Musulmi ne, Kiristocin cikinsu su tsaya a bakin layi su bi har maƙabarta. In Kirista ne, Musulmin su jira a ƙofar coci, da an fito su karɓa su kai mota. Sun yi wa wanda ya buga wasa ɗaya tak ya karye. Sun yi wa mai wanke musu riguna. Wanda ba su ɗauka ba kuwa, ba sai sun ce komai ba, gari ya ji hukuncin.

Mama ta ce, "Sun ce sai abin da tsohon Kyaftin ɗinsu ya ce. Shi kuma ya ce ba zai ɗauki wanda ya sayar da su ba. Asabar za a fita da shi daga coci zuwa ƙauye. In ya fita a kafaɗar matasan unguwa, maganar ta tabbata ke nan, jikokinsa su gada. Kai mai baki ne. Je ka Makera wurinsa."

Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an gama. Na ce bakin nan ya sasanta dangin ango da na amarya a Mahuta bayan an fara jifa da kujeru, kujeruna kuwa.

Ga wanda bai san Kawu ba, gola ne. Ba na wasan unguwa ba, golan da ake biya albashi don ya hana ƙwallo shiga raga. Ya zo Kaduna yana saurayi daga ƙauyenmu na kudancin jiha, ya sami aikin ɗaukar dilar auduga a ɗaya daga cikin masaƙun Makera. Kocin kulob ɗin masaƙar ya ga ana jeho dila daga kan mota Kawu yana cafewa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cin rake. Ni dai haka nake ba da labarin. Mama ta ce tsayinsa kawai aka gani. Ya daɗe a benci kafin a ba shi riga mai lamba ɗaya, da ya saka ta kuwa bai sake cirewa ba. Wani kulob na Kudu ya saye shi, ya yi 'yan shekaru can ya dawo, ya ce manja ya yi yawa a miyarsu kuma bai yarda da mai dafa ta ba. Da dawowarsa kulob ɗin masaƙa ya hau babban lig. Magoya baya suka raɗa masa Sakata, don in ya rufe ƙofa ta rufu.

Rashin yarda kuwa, a nan Kawu ya fi ƙwarewa, har ya fi kamun ƙwallo. Ba ya shan ruwan bokitin kulob, da jarkarsa yake zuwa daga gida. Ba ya gaisawa da kowa kafin wasa, sai ya cusa hannuwansa a hamata ya gyaɗa maka kai, wai hannun gola ba a barinsa a hannun mutane. In sun je wasa wani gari, 'yan wasa su shiga ta ƙofa, shi ya haura katanga, don bai san abin da aka zuba a bakin ƙofar ba. Ko rafali ya busa hutun rabin lokaci, da baya da baya yake fita daga fili. A coci kujerar ƙarshe yake zama, bayansa a jikin bango. Fasto ya taɓa ce masa ya matso gaba, ya ce, "Daga nan ake ganin kowa, Fasto."

Yakan ce, "Gola ba shi da aboki a fili. Mutum goma sha ɗaya suna neman ka ta gaba, goma sun juya maka ƙeya." Yakan kuma ce ƙwallon da ta fi cutar gola daga ƙafar ɗan gida take fitowa.

Mun taɓa ɓatawa da shi. Na sayo masa safar hannu ta gola a gwanjo, kyauta, don ya rataya a falo. Ya juya ta, ya shinshina, ya tambaye ni wa ya sayar mini, wa ya sayar wa wanda ya sayar mini, me ya sa mai ita na farko ya rabu da ita. Na ce Kawu ai Bature ne. Ya ce, "Baturen me ya same shi?" Na yi fushi na ɗauke abata, na daina zuwa gidan. Da Kirsimeti sai ga zakara ya aiko mini, da saƙon cewa in yanka da kaina, kada in ba kowa.

Amma wannan mutumin ne, da masaƙa ta rufe, ya ɗauko golan da yake zama masa a benci ya kawo gidansa. Duk shekarun da suka yi tare Kawu yana zarginsa da yi masa fatan karaya, ba ya ko barin takalminsa kusa da shi. Da ya ji an fitar masa da kaya waje a Kakuri, matarsa ta tafi, Kawu ya je da kurar ɗaukar kaya ya kwaso shi, ya ba shi ɗakin zaure, suka ci tuwo a kwano ɗaya har mutumin ya sami aikin gadi. Sai dai duk tsawon zaman nan Kawu bai taɓa barin jarkarsa a tsakar gida ba.

Ga kuma ranar da ta ɓata komai. Wasan ƙarshe ne na kaka, a filinmu, canjaras kawai muke nema mu tsira a babban lig. Ina saurayi a lokacin, ina cikin masu kiɗan ganga. An dawo daga hutu, an canza gida, wasa ya yi nisa babu ci. Ƙwallo tana ƙafar Kyaftin, babban mai tsaron bayanmu, babu abokin gaba kusa da shi. Ya mayar da ita gida, a hankali, irin wadda kaza ma za ta tare da ƙafa ɗaya. Sai muka duba raga, babu kowa a tsakiya. Kawu yana durƙushe a gindin ƙarfen hagu, ya juya wa fili baya. Ƙwallon ta gangara, ta gangara, kamar mai neman a tsayar da ita, ta shiga. Gangata ta faɗi daga kafaɗata ban sani ba.

Muka faɗa ƙaramin rukuni. Masaƙa ta janye hannu daga kulob, 'yan wasa suka watse. Kawu ya buga wa wani ƙaramin kulob a arewa maso gabas na ɗan lokaci, ya dawo ya rataye safar hannu. Ba a jima da wasan nan ba kuwa aka ga sabon kwano a kan gidansa. Bai taɓa yi wa kowa bayani ba. Da aka buɗe gidajen kallon ƙwallo yakan bi ni wani a Mahuta, amma duk sanda wani gola a Turai ya yi kuskure sai kawuna su juyo kansa. Wata rana ya tashi ya fita, bai sake komawa ba.

Ni kuwa, tunda na san shi fiye da kowa, mutane sukan tambaye ni abin da ya faru, ni kuma ba na barin mai tambaya ya tafi hannu biyu.

Na sami Kyaftin a shagonsa na sayar da taya a Makera. Yanzu Alhaji ne, gemu fari fat, gwiwoyi sun ƙi lanƙwasawa.

"Salamu alaikum, Baba Alhaji."

"Wa alaikumus salam. Mai kanofi ne? Ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

Ya sa aka kawo lemo, ya riƙe kwalbar a gaban idona ya buɗe. "Na buɗe a gabanka ne, tunda jinin Sakata ne kai."

Na gyara zama na fara. Na ce Baba Alhaji, yau zan faɗa maka sirrin da Kawu ya ba ni ni kaɗai. Kunama ce. Ta shiga takalminsa tun a ɗakin canza kaya, ta yi barci, sai daidai lokacin nan ta farka. Na kwatanta girmanta da tafin hannuna, na ga bai motsa ba, na ƙara da ɗayan tafin.

Ya ce, "A bikin 'yar mai gidan burodi ka ce maciji ne. Ina wurin, ni na rako ango."

"Baba Alhaji..."

"An kuma gaya mini a Kamazou ka ce ƙudan zuma."

"Ai taron dangi suka yi masa."

Bai yi dariya ba. Ya kalli titi. Sannan ya ce, "Ka san da sunan wa aka rubuta cin nan? Da nawa. Ni ne na ci gida. Yarana a makaranta 'ya'yan mai cin gida ake ce musu. Akwai mutanen da ƙwallon nan ta raba da abincinsu, wani har ya mutu bai sake samun aikin kirki ba, ni na ɗauke shi. Ran nan na bi Sakata ɗakin canza kaya, na ce me ka je yi gindin ƙarfe? Kalma ɗaya nake nema. Ya ɗaure jakarsa, ya ɗauki jarkarsa, ya fita. Na jira mako, na jira wata. Sai na bi ta Unguwar Boro na ga kwano yana ƙyalli. Mutumin da ko fitsari zai yi ba ya juya wa fili baya. Kai in kai ne me za ka ce?"

Na ɗauki kwalbar lemon na kurɓa.

Ya ce, "Ban ji daɗin mutuwarsa ba, wallahi. Ka gaishe da Madam. Amma kafaɗata ba ta iya ƙarya ba."

A hanyar dawowa, daidai Sabon Tasha, na kama kaina ina tunanin da ban taɓa yi ba. Me ya sa Kawu bai taɓa musantawa ba? Mai yawan zargin mutane, an ce, da abin da ya sani. Da na iso ƙofar gida, ni ma sai na ɗaga kai na kalli kwanon.

Na shiga na gaya wa Mama yadda muka yi, na rage kunamar. 'Yar Kawu ta fari, wadda take aikin jinya, tana zaune a bakin gado tana ninke zannuwa. Ta ajiye na hannunta ta ce, "Mama, in Baba ya sayar ne ki gaya mana. Tun ina firamare nake faɗa da mutane a kan maganar nan, ban san ko a kan gaskiya nake faɗan ba. Yanzu ɗana ya fara tambayata."

Mama ta kalli bango. Sai ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce mini, "Tayar da motarka."

Kyaftin ya miƙe da ƙyar da ya gan ta. Ya jawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a kan wata taya. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya yi mata ta'aziyya. Sannan ta ce, "Kyaftin, na yi wa maigidana alkawari da hannuna a kan Littafi Mai Tsarki cewa ba zan faɗa ba. Yau zan karya. In na same shi can ma ji da juna." Ta juyo ta kalle ni. "Kai, je ka duba motarka."

Na ce motar lafiyarta ƙalau.

"Je ka ƙara dubawa."

Na tafi, amma Allah ya sa akwai tulin tayoyin tirela a gefen shagon, iyakar inda ƙafata ta kai ke nan.

Na ji ta ce, "Da kuka canza gida bayan hutu, ya shiga ragar da golansu ya bari. Sai ya ga ƙasa sabuwa a gindin ƙarfen hagu, an haƙa an mayar an daddanna. Ka san halinsa."

"Na sani."

"Ya ce tun daga nan hankalinsa bai kwanta ba. In ƙwallo ta yi nisa sai ya ɗan karta da takalmi, ya ji abu mai tauri a ƙasa. Ya ce yana jin hannuwansa suna mutuwa. Ya ga in bai tono abin ya jefar ba kafin a tashi, za a ci shi. Sai ya durƙusa ya sa hannu."

"Me ya tono?"

"Bulo."

"Bulo?"

"Guntun bulo, Kyaftin. Ƙarfen ne yake girgiɗi, mai kula da fili ya tokare shi da safe. Yana riƙe da shi a hannu ya ji fili ya ɗauki ihu."

Kyaftin ya ce, "Kwanon fa?"

"Aladuna ne. Ka gafarce ni da ambatonsu, Alhaji. Damina ta matso, ɗaki yana yoyo a kan yara, na sayar da su gaba ɗaya. Na ce masa bari in gaya wa mutane, ya ce wanda ya fara bayanin kwano sai ya yi na ƙarfe."

"To don me bai faɗa mini ba, Madam? Ni?"

"Mahaifina mai bishara ne, yana da rai a lokacin. Ana shirin naɗa maigidana dattijon ikilisiya. In aka ji ya durƙusa a gaban jama'a yana neman asiri, horo za a sa shi. Wannan ɗaya ke nan. Babban kuwa, ya ce wanda aka ce ya sayar da wasa haushinsa ake ji. Wanda aka ce ya bar raga saboda bulo, dariya za a yi masa har tattaɓa kunne. Ya ce haushi zai iya ɗauka."

Na leƙa ta tsakanin tayoyi. Kyaftin yana girgiza kai, bai gamsu ba. Ya ce, "Duk na ji. Amma ƙwallo tana fili. Sakata ba zai juya baya ƙwallo tana fili ba, ko da gawar mutum ce a ramin."

Mama ta ce, "Ni ma haka na ce masa. Ya ce ya duba tukuna. Ya ga tana ƙafarka."

Wata tirela ta wuce, shagon ya girgiza.

"Ya ce da a ƙafar wani take, da bai juya ba."

Kyaftin ya cire hula ya riƙe a hannu yana murzawa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni kuma ban ɗaga kai ba. Duk shekarun da muka yi tare, ban taɓa dubawa kafin in mayar masa ba. Me zan duba? Yana nan."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda take zuwa da hawaye, yana cewa bulo, bulo, yana bugun cinya.

Mama ta ce, "Ka gani ko? Abin da yake gudu ke nan."

"Ba shi nake yi wa ba, Madam. Mu biyu nake yi wa." Ya share ido da hular. Ya ƙura mata ido, tsohon zargin bai gama fita ba. Sannan ya ce, "Na yarda. Mai ƙarya ba ya kawo bulo. Ƙarfe nawa ne ranar Asabar?"

Sun zo. Tsofaffi, masu tumbi da masu sanda, wasu a Keke Napep, wasu a bayan babur. Suka shimfiɗa koriyar riga mai lamba ɗaya a kan akwatin, ta koɗe har ta kusa zama fara. Musulmin suka tsaya a ƙofar coci a cikin rana har aka gama sujada. Da aka fito, Kyaftin ya miƙa wa wani sandarsa, ya kama gaban akwatin ta hagu. Na ji gwiwarsa ta yi ƙara daga inda nake. Tsohon golan benci, wanda ya kwana a zauren Kawu, ya kama ta dama yana kuka kamar yaro. Daga ƙofar coci zuwa mota ba nisa, amma sun tafi a hankali, mutanen unguwa sun jeru hagu da dama suna kallo. 'Yar Kawu tana biye, ta riƙe hannun ɗanta.

Dattijon nan da ya ce "to fa" a ƙarƙashin kanofi ya tare Kyaftin bayan an rufe motar. Ya ce, "Kyaftin, ashe ka zo?"

Ya ce, "Golana ne."

Bai ƙara ba. Kafin mota ta kai babban titi na ji wasu biyu suna raɗa wai ko iyalin ne suka ba shi wani abu ya zo. Unguwarmu ke nan, Kawu bai tafi da halin shi kaɗai ba. Amma yawanci sun yi shiru, kuma a ranar ban ga wanda ya ɗaga kai ya kalli rufi ba.

Mun binne shi a ƙauye kusa da mahaifinsa, inda bayansa yake jikin dutse yana ganin kowa. Ubangiji ya ba shi hutawar da bai samu ba a nan, ya kai shi inda mutum zai sha ruwa bai tambayi wanda ya ɗebo ba. Ya ba Mama da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Mu da muka kalli kwanonsa, har da ni, ya gafarta mana.

Bayan mun dawo na je kwashe kujeruna. Na sami Mama a tsakar gida tana tsince shinkafa. Kafin in yi magana ta ce, "Na ga takalminka a ƙarƙashin tayoyi ran nan."

Na ce iskar tayar nake dubawa.

Ta ce, "Ƙanwarka mai aikin jinya tana so a rubuta, saboda yara. Rubuta. Kyaftin ya riga ya yi dariyar, ta sauran mutane ba za ta yi masa zafi ba."

Na ji daɗi, amma akwai abin da yake cina tun Makera. Na zauna a kan turmi na ce, "Mama, ni fa ɗan 'yar'uwarsa ne. Ni nake kare shi a duk wurin biki a garin nan, da bakina, ba a biya ni ba. Duk shekarun nan bai taɓa tunanin ya gaya mini ba?"

Ta bakace shinkafar, ta hure ƙaiƙayi, ba ta ko ɗago ba.

"Ya yi tunani, sau ɗaya. Sai ya ce a'a. Ya ce in ya ba ka guntun bulon nan ranar Litinin, kafin Lahadi ka gina bene da shi."